Usta Bashir ya ajiye kyamara ya kama magagari: riba ce ko asara?

Abba Kandara: Assalamu alaikum jama'a. Ga hoton abin da na karɓo daga sina'iyya, unguwar masu sana'ar hannu, ranar Laraba. Mariƙin kyamara ne guda biyu na katako, da matashin kafaɗa, da farantin batir a baya. Usta Bashir ne ya ƙera min, shi da hannunsa. Daren jiya na yi aikin biki da shi a wata istiraha, gidan taro na haya, a Harazat ta Jidda, tun bayan isha'i har ƙarfe biyu, wuyan hannuna bai yi tsami ba. Amma ba talla na zo yi masa ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, mutumin nan fa daraktan fim ne, wasunku sun ga aikinsa tun yana Omdurman. Yanzu ka je warsha, wato shagon ƙira, ka same shi cikin ƙurar alminiyam yana goge katako. Ni dai na ci riba. Amma mu gaba ɗaya, riba muka ci ko asara?

Mu'azzam: Wa alaikumus salam Yaya Abba. Asara ce, kuma babba. Masu ƙera mariƙi sun cika Sin, ka danna waya a kawo maka har ƙofar gida. Amma mutum nawa ne a duniya suka zauna da dattawan garin Mai Wurno na Sudan da kyamara, suna jin Hausa da Fulatanci da Larabci, dattawan kuma suka yarda da su har suka buɗe baki? Na ga minti goma na fim ɗin da ya ɗauka a can a wayar wani aboki. Wata tsohuwa ce ke ba da labarin da kakarta ta ba ta, yadda suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903 suka bi Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har bakin kogi kusa da Sinnar. Ban taɓa ganin irinsa ba. A ce mai wannan idon ya koma huda ƙarfe?

Alhaji Sani Misfala: Yaro, sana'a ba abin rainawa ba ce. Fim ɗin ya taɓa biya masa kuɗin haya? Ni tambayata ta kasuwa ce. Abba, nawa ka biya?

Abba Kandara: Riyal 900 duka, Alhaji.

Alhaji Sani Misfala: To ka gani. Na tabbata da rabin wannan za ka samu na kamfani, har da harajin kashi 15 a ciki, kuma in ya lalace ka mayar. Wannan in ya karye kyamara ta faɗi, wa za ka kama?

Hajiya Rabi Sabil: Alhaji, da izininka zan sa baki, don abin nan ni ya fi shafa. Kun san ɓangaren mata a bikin ƙasar nan namiji ba ya shiga, mu ke ɗauka. Kuma duk kayan da ake sayarwa an auna su ne da hannun namiji da kafaɗar namiji. Mariƙin da na saya na kamfani, yatsuna ba sa zagaye shi, sai na matse da ƙarfi, in an kai sa'a uku babban yatsana ya mutu. Matashin kafaɗar kuma ya fi kafaɗata faɗi, yana zamewa a kan abaya. Ga amarya ba ta fitowa sai tsakar dare ta wuce. Ba maganar arha ba ce a wurina. Na biya kuɗi sau biyu a kan abin da ba a yi don ni ba. Abba, yana yi wa mata?

Abba Kandara: Bari na kira shi ya amsa da kansa, Hajiya. Yana cikinmu, karatu kawai yake ba ya magana.

Usta Bashir: Salamu alaikum. Na karanta duka, na gode. Mu'azzam, Allah ya saka da alheri, maganarka ta taɓa ni, zan dawo kanta. Bari na fara da yadda abin ya faro, don ba rana ɗaya na yanke shawara ba.

Lokacin da Canon 5D Mark II ta fito a 2008, duniya ta gane cewa da kyamarar hoto ma ana iya yin fim mai kyau. Mu a Sudan sai bayan 'yan shekaru ƙannenta masu arha suka iso hannunmu, ta hannun masu dawowa daga Dubai da Jidda. Matsalar, irin wannan kyamara ba a yi ta don ɗaukar bidiyo a hannu ba. Ƙarama ce, ba nauyi, numfashinka ma yana fitowa a hoton. Kayan da za ka ɗaura mata kuma suna Amurka da Jamus, mu kuwa muna ƙarƙashin takunkumin Amurka tun 1997, ba a ɗage ba sai Oktoban 2017. Ba katin banki da ke aiki a waje, ba kamfanin da zai aiko maka. Ko kana da kuɗin ma, sai ka jira matafiyi.

To ni jikan maƙera ne ta wajen uwa. Na taso ina ja wa kakana zugazugi a Mai Wurno. Sai na tafi kasuwar Sajjana a Khartum na sayi bututun ruwa na roba da gwiwoyinsa, na haɗa abin kafaɗa na farko, na ɗaure jakar yashi a baya don ya daidaita. Muni kam yana da shi, amma hoton ya tsaya. Daga nan na yi silaida, abin da kyamara ke tafiya a kai, da layin tagar alminiyam da boris lamba 608, irin na takalmin taya. Abokan aiki suka fara aro, aro ya koma "yi min irinsa". Kafin na farga, rabin makona yana tafiya a wurin masu walda da makharaɗa, injin sassaƙa ƙarfe, a Omdurman. Da na zo Jidda a 2019, da sana'ar makharaɗa na zo, ita ce a iƙamata, takardar zamana. Mai warshar ya san abin da nake yi, rasit ɗinsa ake bayarwa. Na faɗi wannan ne saboda Alhaji, in abu ya karye akwai wanda za a kama.

Alhaji Sani Misfala: Madalla, wannan ya yi. Don na ga yaranmu da yawa sun shiga matsala a kan aikin da ba shi ne a takardarsu ba. Amma har yanzu katako fa katako ne, Usta.

Injiniya Nura Yanbu: Alhaji ya taɓo wurin da ni ma nake so a yi bayani. Usta, katakon ne ke ɗaukar nauyin? In haka ne ban yarda da shi ba. Katako yana tsagewa ta bin jijiyarsa, kuma sukuru a cikin katako kai tsaye yana sakin jiki da zafi da gumi.

Usta Bashir: A'a Injiniya. Katakon riga ce kawai. A cikin kowane mariƙi akwai ƙashin alminiyam 6061 da ya ratsa daga sama har ƙasa, shi ke haɗe da rozet ɗin, faifai mai haƙora da ake ɗaura mariƙi a kai. Ko katakon ya rabe biyu a hannunka, kyamara ba za ta motsa ba. Ma'aunin kuma ba nawa ba ne, na duniya ne, ba na wasa da shi: sanduna masu kaurin milimita 15, tazarar milimita 60 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, milimita 85 daga tsakiyar sandunan zuwa tsakiyar gilashin kyamara. In ka kiyaye wannan, abin juya fokas na kowane kamfani zai zauna, haƙoransa na 0.8 su kama. Rozet ɗin irin na kamfanin ARRI ne, sukurunsa M6. Abin da nake canzawa shi ne wurin da jikin mutum ke taɓawa.

Injiniya Nura Yanbu: To alhamdu lillahi. Tunda an zo nan bari na ja kunnen matasanmu a kan abu ɗaya, don na ga kyamarori biyu da aka kashe ta wannan hanyar. Ramin da ke ƙasan kyamara ba na milimita ba ne, na inci ne, 1/4-20, manyan kuma 3/8-16. A shagunan kayan gini na nan galibi M6 za a miƙo maka a ce ai ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Kaurin 1/4-20 milimita 6.35, na M6 kuma 6. Tazarar zaren wancan 1.27, na wannan 1. Zai shiga zagaye ɗaya ko biyu lafiya, sai ya cije, kai kuma ka ƙara ƙarfi, shi ke nan ka cinye zaren. Sannan tsawo. Ramin bai wuce milimita biyar da ɗoriya ba, in sukurun ya yi tsawo zai tokare ƙasan ramin ya fasa cikin kyamarar. Don Allah a kiyaye.

Usta Bashir: Gaskiya ne. Shi ya sa nake yanka sukuruna da kaina. Kuma a Jidda akwai ƙarin bala'i, iskar teku. Baƙin ƙarfe wata biyu ya yi tsatsa. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuma in ya daɗe a cikin alminiyam da gishirin iska da gumi, sai su manne, ka ga farin gari a bakin ramin. Ina shafa ɗan giris kafin na ɗaure, ina kuma ce wa mai kaya ya riƙa kwancewa yana gogewa lokaci zuwa lokaci.

Sadiya Madina: Ni ɗaliba ce, ban da kuɗin katako. Akwai wani a makarantarmu mai injin buga abu na 3D, yana buga mariƙi da riyal 40. Me ya hana?

Injiniya Nura Yanbu: Ki tambaye shi da wace roba yake bugawa, 'yata. In PLA ce, tana fara laushi a wajen digiri 60, kuma motar da aka rufe a rana a watan Yuli a Madina tana kaiwa nan. Za ki dawo ki tarar ya lanƙwashe. PETG ta fi jurewa, tana kaiwa wajen 80. Ki buga murfi, ki buga abin riƙe waya, ba laifi. Amma kada ki rataya kyamara a kan abin da aka buga.

Usta Bashir: Sadiya, in kin zo Jidda da wani naki ku biyo warsha. Akwai guntayen sanduna da ba na amfani da su, za su ishe ki farawa. Ni ma da bututun ruwa na fara.

Idris Gadarif: Usta, wane ice kake amfani da shi? A hoton Abba na ga kamar sunuɗ.

Usta Bashir: Idonka da kyau ya zol. Bagaruwa ce, ita ce sunuɗ ɗin, wadda ake ƙafar angarib, gadon Sudan, da kwalekwale da ita. Nauyi gare ta, ba ta jin gumi. Na Abba na dama bagaruwa ne, na hagu maɗaci, don ya fi sauƙi kuma hannun hagunsa yana yawan tashi zuwa fokas. Na gwada aduwa, icen allo, tana da santsi mai daɗi a hannu. Ƙirya nake nema ban samu ba a nan. Ba na sa fenti ko banish, yana sa santsi in hannu ya jiƙe. Mai nake shafawa da kakin zuma, katakon ya sha, bayan wata shida sai ka ga wurin yatsun mai shi ya yi duhu.

Hajiya Rabi, ga amsarki. Ina yi wa mata, kuma ba sai na taɓa hannun kowa ba. Ki sayi laka irin ta yara ta makaranta, ki mulmula ta kamar kaurin gwangwanin tumatir ƙarami, ki riƙe da hannun dama yadda kike riƙe kyamara in kin gaji, ba yadda kike riƙewa da farkon biki ba. Ki matsa sau ɗaya ki sake. Ki bar ta ta sha iska, a kawo min. Daga nan nake ganin inda babban yatsa ke kwanciya da kusurwar wuyan hannu. Kafaɗa kuma maiɗakina ke aunawa da waya mai lanƙwasuwa. A ƙarƙashin matashin ina sa fata ta gefen da ba a goge ba, ita ba ta zamewa a kan abaya. Kakana bai taɓa yi wa manomi biyu ƙotar fartanya iri ɗaya ba, sai ya sa mutum ya sunkuya ya gani tukuna. Abin da nake yi ke nan.

Hajiya Rabi Sabil: Allah ya yi albarka. Amma nauyin fa? Ni so nake a rage, na ga kai har batir kake ƙarawa a baya.

Usta Bashir: Hajiya, ba nauyi ke kashe hannu ba, inda nauyin ya zauna ne. Kilo uku a gaban fuskarki, hannuwanki ne ke ɗauke da shi dukan dare. Kilo biyar da ya zauna daidai kan kafaɗa, ƙashin bayanki ne ya ɗauka, hannu jagora kawai yake yi. Shi ya sa nake tura kyamarar baya, na sa batirin V-mount a bayan kafaɗa ya zama ma'auni, ya kuma ba kyamara da allon dubawa wuta. Gwajin da nake yi a gaban mai kaya: a ɗora, a saki hannu biyu. In ta sunkuya gaba ko baya, aiki bai ƙare ba.

Mu'azzam: Duk na ji, kuma wallahi ban raina aikin ba. Amma Usta ba ka amsa min ba. Fim ɗin fa? Ga shi an buɗe silima a ƙasar nan tun 2018, ana bikin finafinai na Bahar Maliya a nan Jidda tun Disambar 2021, 'yan Sudan ma suna kawo aikinsu. Lokacin da ƙofa ta buɗe shi ne lokacin da ka juya mata baya.

Abba Kandara: Mu'azzam, a hankali dai.

Usta Bashir: Bar shi Abba, yana da gaskiyar tambaya. Mu'azzam, faifan ajiyar da aikin ke ciki guda biyu ne, na bar su a gidan yayata a Omdurman da niyyar in na koma hutu na zauna na yi editin. Yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilun 2023. Sun fita da kayan jikinsu, alhamdu lillahi da ransu. Da aka koma gidan ba a tarar da komai ba. Minti goman da ka gani, da wasu 'yan guntaye da na taɓa tura wa mutane, su ne suka rage. Tsohuwar nan da ka gani ta rasu tun kafin yaƙin. Yawancin waɗanda na ɗauka sun rasu.

Ba zan ce maka warsha ta maye min gurbin wannan ba, ba ta maye ba. Amma kuma ba gudu na yi na ɓuya a cikinta ba, tun kafin yaƙin hannuna ya riga ya karkata can. Na daɗe da lura cewa in ina ɗauka, rabin hankalina yana kan abin da ke damun kyamarar, ba kan mai magana ba. Wasu an yi su don su kalli fuskar mutum, ni an fi ba ni ganin abin da ke hana mai kallon sukuni.

Idris Gadarif: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar da alheri Usta. Mu ma namu hotunan gidan haka suka tafi.

Mu'azzam: Allah ya jiƙansu. Ban san haka abin yake ba, Usta. Amma ka yi haƙuri, wannan ya ƙara min ƙarfi ne a kan maganata. In waɗancan sun tafi, akwai na nan. A Makka da Madina da Jidda akwai tsofaffin da aka goyo su aka taho da su ta ƙasa, ta Chadi da Darfur har Sawakin, suka hau jirgin ruwa. Su ma tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya.

Injiniya Nura Yanbu: Mu'azzam, ni ban ga dalilin raba abin gida biyu ba. Kayan da ake fim da su yau, da yawa masu ɗauka ne suka ƙirƙiro su saboda abin da ke kasuwa bai biya musu buƙata ba. Garrett Brown mai ɗaukar hoto ne a Amurka, ya gaji da rawar hoto in ana tafiya, ya ƙera Steadicam a shekarun 1970, har aka ba shi Oscar a kanta a 1978. A Faransa, Jean-Pierre Beauviala ya kafa Aaton a Grenoble a 1971, burinsa kyamara ta kwanta a kafaɗa kamar kyanwa, kuma mariƙinta na katakon goro ne na Turawa, wanda aka sassaƙa daidai tafin hannu. Masu fim ɗin gaskiya sun yi shekaru suna aiki da ita. Wa zai ce waɗannan sun bar fim?

Mu'azzam: Su suna da dubban daraktoci a ƙasashensu, Injiniya, in ɗaya ya koma ƙira ba a ji ba. Mu nawa ne?

Alhaji Sani Misfala: Yaron nan ya faɗi gaskiya a nan. Mahaifiyata tana cikin waɗanda yake faɗa. Shekara bakwai suka yi a hanya, suna noma a gonakin auduga na Jazira suna tara guzuri. Ta rasu ba wanda ya ɗauki muryarta, mu 'ya'yanta muna ta kasuwa. Akwai ƙanwarta a Rusaifa, tana nan da hankalinta. In za ku zo, ni zan yi muku iso, kuma mota da abinci a wuyana.

Usta Bashir: To Mu'azzam, ga ƙofa Alhaji ya buɗe. Kai za ka ja aikin, kai ke da zafin. Ni zan haɗa maka kayan da ya dace da irin wannan zama, don tsofaffi ba sa son a kafa musu ƙafa uku da fitilu a tsakar ɗaki, sai su ɗauke wuta. Kana buƙatar ƙaramin abu da za ka ɗora a cinya kana zaune a ƙasa, kyamara daidai idonta, kai kuma fuskarka a sake tana kallonka. Ina da zanensa tun Mai Wurno. Zan zo zaman farko da na biyu na riƙe sauti. Sharaɗina ɗaya: duk abin da aka ɗauka, a daren a kwafe shi wuri uku, ɗaya a wani gari daban.

Hajiya Rabi Sabil: In tsohuwa ce, ba lallai ta sake da maza ba, ko da Alhaji na wurin. Ni zan ɗauki na mata, Sadiya ta riƙe min sauti in tana da hutu. Amma Usta sai ka gama min mariƙina tukuna.

Sadiya Madina: Ina da hutu bayan jarrabawa, Anti. Zan tambayi Baba.

Abba Kandara: Usta, tunda ana rabon aiki, adaftar nan da na roƙe ka fa, ta ɗaura tsohon gilashin PL, irin na kyamarar silima, a kan Sony?

Usta Bashir: Wannan kam a'a Abba, na faɗa maka. Daga bakin PL zuwa idon kyamara milimita 52 ne, na Sony E 18, adafta ita ce cikon 34 da ke tsakani, kuma kuskuren da bai kai kaurin gashi ba ya isa ya hana ka fokas a nesa ko ya sa lambobin jikin gilashin su yi ƙarya. Makharaɗarmu ba ta kai wannan ba, ba ni kuma da na'urar gwadawa. Ka saya na kamfani mai zoben daidaitawa. Hajiya, a kawo lakar ranar Asabar kafin azahar, bayan nan muna rufewa sai la'asar. Mu'azzam, turo min sunan kyamararka da gilashin da za ka yi aiki da shi, da nauyinsu in ka sani.

Mu'azzam: Zan turo yanzu. Alhaji, wace rana ce ta fi dacewa da Inna a Rusaifa?

Alhaji Sani Misfala: Bari na kira 'yarta na ji. Amma ban da Litinin da Alhamis, tana azumi.